Tosin Abasi da jita mai tsirkiya takwas: daga ina wannan kiɗa ya samo asali?

Cikin makaɗan jita da suka yi tashe a duniya daga shekarar 2009 zuwa yau, kaɗan ne suka sauya yadda matasa ke ɗora hannu a kan tsirkiya kamar Tosin Abasi, jagoran ƙungiyar Animals as Leaders ta ƙasar Amurka. Cikakken sunansa Oluwatosin Ayoyinka Olumide Abasi, an haife shi ranar 7 ga Janairu, 1983, a birnin Washinton, kuma iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa can. Duk da wannan dangantaka, sunansa bai karaɗe ƙasar iyayensa yadda ya karaɗe Amurka da Turai ba, kuma dalilin a fili yake, domin kiɗan da yake yi ba shi da mawaƙi, ba shi da baiti balle amshi, sannan ya fito ne daga wani reshe na kiɗan Turawa da kunnuwanmu ba su saba da shi ba. Wanda ya saba auna waƙa da maganar da ke cikinta yana iya jin minti biyu na kiɗan Abasi ya ce hayaniya ce kawai. Ni kuwa ina ganin akwai ilimi mai zurfi a cikinsa, kuma ya cancanci a zauna a warware shi dalla-dalla.

Abin da aka fi yabon sa da shi shi ne saurin yatsu, alhali masu saurin yatsu sun cika duniya tun kafin ya san yadda ake riƙe jita. Gudummawarsa ta gaskiya ita ce ya ɗora wa jita ɗaya aikin kayan kiɗa uku, wato aikin ganga, da aikin jitar bes mai kaurin murya, da kuma aikinta na asali na rera kari, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun nan ana iya bin sawunsa har a kai ga mutanen da ya koyo shi a wurinsu. Da yawa daga cikin mutanen nan ba ma 'yan gidan metal ba ne, wato salon kiɗan da Abasi ya taso a cikinsa.

Kafin a shiga tarihinsa, ya kamata a san gidan da ya taso a ciki. Kiɗan metal ya kafu ne a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, musamman a birnin Birmingham na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Alamarsa ita ce jitar lantarki da ake cika wa wuta har sautinta ya yi kauri ya riƙa gurnani, tare da ganguna masu dukan ƙirji. A daidai wannan lokaci akwai wasu makaɗan rok a Birtaniya, irin su King Crimson da Yes, waɗanda suka ƙi yarda waƙa ta tsaya a minti uku da amshi mai maimaituwa, suka riƙa tsara kiɗa mai tsawo, mai sassa daban-daban, wanda ke sauya ma'aunin bugu a tsakiyar tafiya. Da salon nan biyu suka haɗu a shekarun 1980 a hannun ƙungiyoyin Amurka irin su Queensrÿche da Fates Warning da Dream Theater, sai aka sami abin da ake kira progressive metal, wato metal mai zurfin tsari. Dream Theater, wadda wasu ɗaliban kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston suka kafa a 1985, ita ce ta zama abin koyi bayan fitowar faifanta Images and Words a 1992, kuma makaɗin jitarta John Petrucci ya zama gwanin da yara masu tasowa ke kwana suna kwaikwayo.

Abasi yana cikin yaran nan. Ya fara kaɗa jita yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka, a zamanin da kiɗan Nirvana ya mamaye gidajen rediyon Amurka, kiɗa ne kuwa mai sauƙin koyo wanda yaro zai iya kamawa cikin 'yan makonni. Bai daɗe ba kunnensa ya koma ga gwanayen da suka mayar da jita fagen nuna bajinta, irin su Steve Vai da Yngwie Malmsteen da Greg Howe da shi Petrucci, kuma a waɗannan shekaru bai zauna gaban wani malami ba, bidiyoyin koyarwa da gwanayen ke fitarwa su ne makarantarsa. Wannan hanya ta ba shi ƙarfin hannu, amma ta bar shi da giɓi a fannin sanin ƙa'idojin haɗa sauti, giɓin da shi da kansa ya gane daga baya.

A farkon shekarun 2000 ya shiga wata ƙungiya ta yankin Washinton mai suna Reflux, wadda ta fitar da faifai ɗaya tak, The Illusion of Democracy, a 2004 ƙarƙashin kamfanin Prosthetic Records. Ƙungiyar ba ta yi dogon zango ba, amma mutum biyu da ya zauna da su a cikinta sun yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya. Mawaƙinta Ash Avildsen shi ne ya kafa kamfanin Sumerian Records a 2006, kamfanin da daga baya ya riƙa fitar da faya-fayan Animals as Leaders. Mai jitar bes ɗinta kuma, Evan Brewer, shi ne ya nuna wa Abasi dabarar babban yatsa, wadda zan yi bayaninta a gaba. Da Reflux ta watse, kamfanin Prosthetic ya yi masa tayin ya fitar da faifai da sunansa shi kaɗai, sai ya ƙi, yana ganin yin haka girman kai ne kuma babu buƙatarsa. Ya tafi makarantar kiɗa ta Atlanta Institute of Music ya yi karatun shekara guda, inda ya koyi jaz da ƙa'idojin kiɗa, sai bayan ya kammala ya dawo ya karɓi tayin. A ganina wannan shawara ce ta fi kowace muhimmanci a rayuwarsa ta kiɗa, domin saurayin da kamfani ya buɗe wa ƙofa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba kasafai yake cewa a jira shi ya ƙaro ilimi ba. Ko da ya dawo ma bai sa sunansa a kan faifan ba, ya zaɓi sunan ƙungiya, wanda ya samo daga tunanin da ke cikin littafin Ishmael na Daniel Quinn na 1992, littafin da ke sukar yadda ɗan Adam ya ɗauki kansa a matsayin mai mallakar sauran halittu.

Faifan farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a watan Afrilu na 2009, kuma a lokacin ƙungiyar suna ce kawai, domin mutum biyu ne suka yi aikin. Abasi ya kaɗa jita, Misha Mansoor na ƙungiyar Periphery, wanda shi ma ɗan yankin Washinton ne, ya tsara ganguna da kwamfuta ya kuma haɗa sautin. Babu makaɗin ganga ko ɗaya da ya ɗaga sanda a wannan faifai. Wannan ya nuna wani sauyi da ke faruwa a lokacin, inda matasa suka daina jiran manyan ɗakunan ɗaukar sauti masu tsada, suka riƙa yin aikinsu a ɗakunan kwanansu suna yaɗa shi ta intanet. Waƙar da ta fi fice a faifan ita ce “CAFO”, sunan da Amurkawa ke kiran manyan gidajen kiwo da ake cunkusa dabbobi a ciki, kuma bidiyonta a YouTube shi ne ya kai sunan Abasi ga miliyoyin mutane.

Tasiri na farko da kunne ke kamawa a kiɗan nasa ya fito ne daga garin Umeå da ke arewacin Suwidin, inda aka kafa ƙungiyar Meshuggah a 1987. Makaɗin jitarta Fredrik Thordendal da makaɗin gangarta Tomas Haake sun zo da wata dabara da ta rikita duniyar metal. A yawancin kiɗan zamani ana ƙirga bugu huɗu ne a koma farko, kuma kowane kayan kiɗa yana bin wannan ƙirge. Su kuwa 'yan Meshuggah sai suka bar hannun mai ganga yana dukan farantin ƙarfe a kan huɗu-huɗu ba tare da kaucewa ba, amma jita da gangar ƙafa suka ɗauki wata jimlar kiɗa mai tsawon da bai rabu da huɗu ba, suna maimaita ta. Idan jimlar mai bugu biyar ce, to duk zagaye sai farkonta ya gusa da taki ɗaya, kuma ba za ta sake haɗuwa da farkon huɗun ba sai bayan bugu 20. Wanda ya taɓa tsayawa ya saurari luguden mata a turmi ɗaya ya san yadda taɓare ke saɓa wa juna amma amon ya fita da tsari, to haka abin yake, sai dai a nan an auna saɓanin da lissafi tun kafin a fara. A farkon waƙarsu “Rational Gaze” ta faifan Nothing na 2002, jimlar jita tana da ƙananan bugu 25, ana maimaita ta sau huɗu, sannan a zagaye na biyar a ƙara mata ta zama 28, jimilla 128, wanda ya yi daidai da zango takwas na huɗu-huɗu, tun da kowane zango ƙananan bugu 16 ne. Ta haka mai sauraro zai ji kamar ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsa, amma kansa na ci gaba da gyaɗawa a kan bugu ɗaya, kuma a ƙarshen zango na takwas kowa ya sauka wuri guda.

Daga Meshuggah ɗin ne kuma jita mai tsirkiya takwas ta shigo hannun Abasi. Jitar da aka saba da ita tsirkiya shida gare ta. Kamfanin Ibanez na Japan ya fitar da mai bakwai tare da Steve Vai a 1990, ƙungiyar Korn ta yaɗa ta a tsakiyar shekarun 1990, sannan 'yan Meshuggah suka nemi a ƙera musu mai takwas domin su ƙara nutsewa cikin kaurin sauti, har Ibanez ya fara sayar da irin ta ga kowa a 2007. Bambancin shi ne su Meshuggah sun fi zama a kan tsirkiya mafi kauri, suna dukan ta kamar ganga, shi kuwa Abasi ya ɗauki takwas ɗin gaba ɗaya a matsayin fili ɗaya. Yakan sassauta tsirkiyarsa ta takwas har ta yi daidai da tsirkiya mafi kauri ta jitar bes, wadda ke kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, rabin abin da tsirkiya mafi kauri ta jitar yau da kullum ke yi. Wannan ne ya sa Animals as Leaders ba ta da mai jitar bes cikin mambobinta. Mutum uku ne kacal, Abasi da Javier Reyes kowanne da jita mai tsirkiya takwas, sai mai ganga, kuma ɗayansu na iya riƙe ƙasan kiɗa da wasu yatsu yayin da sauran yatsun ke rera kari a sama.

Tasiri na biyu shi ne wanda na fi so a tsaya a kansa, domin shi ne ya zama tambarinsa, kuma salsalarsa ba ta da alaƙa da metal ko kaɗan. A shekarun 1960 wani matashi Baƙar fatar Amurka mai suna Larry Graham yana kaɗa jitar bes tare da mahaifiyarsa mai kaɗa fiyano, ba su da mai ganga, sai ya ƙirƙiro hanyar cike gurbin. Ya riƙa dukan tsirkiya mai kauri da gefen babban yatsa domin ta ba da amon gangar ƙafa, yana fizgar siririya da manuniya domin ta ba da amon ƙaramar ganga mai kaifi. Da ya shiga ƙungiyar Sly and the Family Stone, wannan dabara ta zama ginshiƙin kiɗan fonk. Daga baya 'yan gidan Wooten, wato Victor Wooten na ƙungiyar Béla Fleck and the Flecktones da yayansa Regi wanda ya koyar da shi, suka faɗaɗa ta, suka sa babban yatsa ya riƙa bugu sau biyu, ɗaya idan ya sauka ɗaya idan ya dawo sama. Evan Brewer ya yi karatu a hannun Regi Wooten a birnin Nashville, shi kuma ya nuna wa abokin aikinsa a Reflux. Abin da Abasi ya yi shi ne ɗauko dabarar daga jitar bes ya dasa ta a kan jita mai tsirkiya takwas, inda tsirkiyoyin suka fi matsuwa kuma kuskure kaɗan ke fitowa fili.

Idan aka rage saurin bidiyonsa aka zuba wa hannunsa ido, za a ga abin yana tafiya kamar haka. Yatsan hagu ya faɗa kan tsirkiya da ƙarfi ba tare da hannun dama ya taɓa ta ba, sauti na farko ke nan. Babban yatsan dama ya ratsa tsirkiyar zuwa ƙasa ya tsaya a kan ta kusa da ita, na biyu ke nan. Ya dawo sama ya ɗauke ta da bayan farce, na uku. Sannan manuniya ta fizga, wani lokaci ɗan yatsan tsakiya ya biyo ta, na huɗu da na biyar. Hannun bai yi wani babban motsi ba, amma an sami bugu uku ko huɗu ko biyar a jere, gwargwadon yawan yatsun da aka sa, kuma a nan ne dabarar Nashville ta haɗu da lissafin Umeå, domin hannun da ke iya fitar da rukunin biyar ko bakwai cikin sauƙi shi ne ya dace da jimlolin da ba su rabu da huɗu ba. Ana jin wannan a farkon “An Infinite Regression” ta faifan Weightless, da kuma tsakiyar “The Woven Web”, inda jita ke amo kamar ana kaɗa ƙaramar ganga mai tsirkiya. Yana da wata dabarar makamanciya wadda yake yi da 'yar robar kaɗa tsirkiya, inda yatsan hagu ke fara sauti, robar ta biyo da bugu biyu, tafin hannun dama kuma ya danne tsirkiyar domin sautin ya fita gajere a bushe.

Tasiri na uku ya shafi yadda yake haɗa sautuka, kuma a nan ne shekarar da ya yi a Atlanta ta yi amfani. Metal na gargajiya ya fi dogara da haɗin sauti biyu mai sauƙi, saboda idan an cika wa jita wuta, haɗi mai yawa yakan cakuɗe ya zama surutu. Abasi ya saurari makaɗan jaz irin su Kurt Rosenwinkel, da kuma Allan Holdsworth, Baturen Ingila ɗan garin Bradford wanda ya rasu a 2017, mutumin da tun yana yaro algaitar saksofon yake so, don haka ya koya wa jitarsa rera sauti a jere ba yankewa kamar mai busa. Daga wurinsu ya ɗauko haɗe-haɗen sauti masu faɗi waɗanda ba sa nuna farin ciki zalla ko baƙin ciki zalla, kuma domin su fito sarai sai ya riƙa rage wutar jitarsa a sassa da dama, abin da ba a saba gani ba a wurin ɗan metal. Akwai kuma kiɗan na'ura na Birtaniya, na su Aphex Twin da Squarepusher, wanda ke yayyanka bugun ganga ya sake jera shi ta hanyar da hannun mutum ba zai iya ba. Ƙananan ƙararrakin kwamfuta da ke yawo a bayan waƙoƙin Animals as Leaders daga nan suka fito.

Bayan faifan farko ƙungiyar ta zama ta gaske. Javier Reyes ya shigo da salon jitar gargajiya ta Sifaniya da Latin Amurka, Navene Koperweis ya riƙe ganguna a faifan Weightless na 2011, sannan a 2012 Matt Garstka, wanda ya yi karatu a Berklee, ya gaje shi, kuma Abasi da Reyes da Garstka ne mambobinta har yanzu. A 2012 ɗin Abasi da Reyes sun haɗu da mai busa Adrián Terrazas-González da mai ganga Eric Moore suka fitar da Lingua Franca da sunan T.R.A.M., aikin da ya fi karkata ga jaz. Faifan Animals as Leaders mai suna The Joy of Motion ya fito a watan Maris na 2014 ƙarƙashin Sumerian Records, ya kuma shiga jerin Billboard 200, na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, a mataki na 23, abin mamaki ga faifan da babu muryar mutum a cikinsa. The Madness of Many ya biyo baya a 2016, sai aka yi shiru na fiye da shekara biyar kafin Parrhesia ya fito a watan Maris na 2022. A cikin waɗannan shekaru Abasi ya zagaya Amurka da Meshuggah a 2013, ya hau dandali ɗaya da Vai da Malmsteen da Zakk Wylde da Nuno Bettencourt a rangadin Generation Axe na 2016, inda shi ne ƙarami a cikinsu, ya kuma kaɗa a faifan The Call Within na makaɗin fiyano ɗan Armeniya Tigran Hamasyan a 2020. A 2023 ƙungiyarsa ta yi rangadin Dreamsonic tare da Dream Theater, kuma a shekarar ce mujallar Rolling Stone ta sa shi cikin jerin manyan makaɗan jita 250 na tarihi.

Ba kowane aikinsa ne ya kai min zuci ba, kuma ina ganin masu sukarsa suna da hujja a wasu wurare. Akwai sassa a The Madness of Many da lissafi ya rinjayi daɗi, inda mai sauraro zai yaba wahalar da aka sha amma ya tashi babu wani kari da ya maƙale masa a rai. Kiɗan da ba shi da kalmomi yana da nauyi biyu a kansa, domin dole kari ya yi aikin da magana ke yi, idan kuwa karin ya yi rauni to babu abin da zai rufa masa asiri. Shi ya sa nake fifita The Joy of Motion a kan sauran, saboda a nan ne gwaninta ta sauko ta yi wa waƙa hidima. “Physical Education” tana da rausaya irin ta fonk wadda jiki ke amsawa kafin ƙwaƙwalwa ta fara ƙirge, “Para Mexer” kuma an kaɗa ta ne da jita mai tsirkiyar nailan, babu gurnani ko kaɗan, amma ƙarfinta bai ragu ba. Matsala mafi girma tana wurin masu kwaikwayonsa, waɗanda suka cika Instagram da YouTube da bidiyoyi na daƙiƙa talatin suna nuna dabarar babban yatsa, sun ɗauki motsin hannun sun bar shekarun sauraro da karatun da suka sa motsin ya yi ma'ana.

Akwai wata tambaya da ɗan Najeriya zai yi, kuma tana da kyau a amsa ta da gaskiya. Ganin sunansa na Yarbawa ne kuma kiɗansa cike yake da bugu masu saɓa wa juna, yana da sauƙi mutum ya ce ai jini ne, gangunan Yarbawa da ake kira bata da dundun ne suke magana a yatsunsa. Ina fahimtar daɗin wannan magana, amma sawun da ake iya gani da ido ya bi ne ta Suwidin da Nashville da Atlanta, kuma danganta gwanintar mutum ga jini kaɗai yana rage darajar shekarun da ya kwashe yana gumi a kan tsirkiya. Idan akwai hanyar da ta haɗa hannunsa da Afirka, to doguwa ce, ta bi ta fonk da jaz, kiɗan da jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyar nan suka gina a Amurka. Wannan ma ya isa abin lura, domin jitar lantarki ta rok ta girma ne a hannun Baƙaƙen fata irin su Sister Rosetta Tharpe da Chuck Berry da Jimi Hendrix, amma da metal ya bunƙasa sai aka riƙa kallon sa kamar gadon Turawa zalla, duk da akwai su Vernon Reid na Living Colour da Tony MacAlpine da Greg Howe. Tsayuwar ɗan baƙi daga Najeriya a sahun gaba na wannan fage, yana dukan tsirkiya da dabarar Larry Graham, ta tuna wa mutane abin da aka so a manta.

Da salon kaɗawarsa ya ci gaba da faɗaɗa, sai jitar da ake sayarwa a kasuwa ta daina isar sa. Ibanez ya fitar da samfuri mai ɗauke da sunansa, TAM100, a 2013, amma daga baya ya bar kamfanin ya kafa nasa, wanda ake kira Abasi Concepts, ya kuma nuna jitarsa mai suna Larada a baje kolin kayan kiɗa na NAMM a 2018. Wanda ya kalle ta zai ga ƙarafan da ke kan wuyanta ba a miƙe suke ba, sun baje kamar maficin hannu. Dalilin shi ne tsirkiya mai kauri tana buƙatar tsawo domin ta yi tauri sautinta ya fita tsaf, siririya kuma idan ta yi tsawo da yawa takan yi wuyar lanƙwasawa, don haka aka ba kowace tsirkiya tsawon da ya dace da ita. An kuma sassaƙa jikin jitar yadda hannun hagu zai kai ƙarshen wuya ba tare da katako ya tare shi ba. A 2022 ya haɗa gwiwa da kamfanin Ernie Ball Music Man suka fitar da wata mai suna Kaizen. A zamanin da kuɗin sauraron waƙa ta intanet ba ya riƙe makaɗin da masu sauraronsa ba su da yawa sosai, ƙera kayan kiɗa da koyarwa sun zama wani ɓangare na abin da ke ba irin su Abasi damar ci gaba da yin kiɗan da suke so ba tare da sun sassauta shi domin kasuwa ba.

Ga wanda bai taɓa jin sa ba kuma yake son gwadawa, shawarata ita ce kada ya fara da “CAFO”, domin tana buɗewa ne da gudun da ke iya korar sabon kunne. Ya fara da “Physical Education”, wadda bugunta ya fi sauƙin bi, ya nemi amon farantin ƙarfe na mai ganga ya riƙe shi da kai ko da ƙafa, ya bar jita ta yi ta kewaya shi. Idan kunne ya saba da wannan, sai ya wuce zuwa “The Brain Dance” ta faifan 2016, wadda ke farawa da jitar nailan a hankali kafin sauran kayan kiɗa su shigo, daga nan kuma ya koma ga faifan 2009.